Bariyom a Berlin, Fassara a Suwidin

Shekara huɗu masana suka yi suna tsaga ƙwayar zarra ba tare da sun sani ba. A 1934, a birnin Rum, Enrico Fermi ya harbi yuraniyom da niyutron, ya zaci sinadarai masu nauyi fiye da yuraniyom ya samar. A shekarar Ida Noddack, masaniyar sinadarai Bajamushiya, ta rubuta cewa watakila cibiyar ƙwayar ce ta rabu zuwa manyan gutsattsari. Ba a saurare ta ba, domin a fahimtar lokacin niyutron ba ya iya ɓantarar fiye da ɗan ɓarɓashi.

A Berlin, Otto Hahn da Lise Meitner da Fritz Strassmann suka ci gaba da binciken. A Yulin 1938 Meitner ta tsere daga mulkin Nazi saboda asalinta na Yahudawa, ta sami mafaka a Suwidin. A Disamba abokan aikinta suka tarar da bariyom cikin abin da gwajin ya haifar. Yuraniyom na da lamba 92, bariyom kuwa 56, tazarar da ta fi ƙarfin ɓantara. Hahn ya rasa bayani, sai ya aika wa Meitner wasiƙa.

A ƙauyen Kungälv, Meitner da ɗan 'yar'uwarta Otto Frisch suka kwatanta cibiyar da ɗigon ruwa wanda kan miƙe, ya tsuke a tsakiya, ya rabu biyu. Lissafinsu ya nuna gutsattsarin ba su kai nauyin uwar ba, kuma giɓin ne ke zama makamashi, kimanin ilekturon-bolt miliyan 200 a kowace tsagewa. Frisch ya tabbatar da haka a Kofanhagen a Janairun 1939.

Daga nan al'amura suka yi sauri. Ranar 2 ga Disamba 1942 Fermi ya kunna tukunyar nukiliya ta farko a Chicago. Ranar 6 ga Agusta 1945 bam ɗin yuraniyom ya halaka Hiroshima. Meitner ta ƙi sa hannu a aikin bam ɗin. Lambar Nobel ta 1944 kuwa Hahn kaɗai aka bai wa.

An ce gani ya kori ji. Amma an ga sakamakon tun 1934. Abin da ya yi jinkiri shi ne ƙarfin halin yarda da shi, kuma matan biyu da suka nuna wannan hali su ne aka fi tauye wa haƙƙi.