Niyyar da Aka Ƙulla a Hulme

Mazaunin Levenshulme, a kudu maso gabashin Manchester, ba ya buƙatar doguwar tafiya kafin ya isa Hulme, inda wani gidan wasa da aka gina a 1902 yake tsaye har yau. BBC ta yi kusan shekara talatin tana ɗaukar shirye-shirye a cikinsa kafin ta tashi a 1986. A 1991, shekara goma bayan tarzomar unguwar Moss Side, baƙaƙen fatan birnin, 'yan asalin Karibiyan da Afirka, suka sake buɗe shi da sunan Nia Centre, har Nina Simone ta zo ta rera waƙa a ciki. Nia kalmar Suwahili ce, kuma tushenta ɗaya da "niyya" tamu, daga Larabci. Niyyar kuwa ita ce al'umma ta mallaki dandamalinta, ta zaɓi wasan da za a yi da wanda zai hau, yaran unguwa su koyi sana'ar a bakin ƙofarsu. A ganina wannan niyya daidai take, ko da yake ginin ya sha wuya.

Masu ja da wannan ra'ayi suna da hujja mai nauyi. Nia bai cika shekara goma ba aka rufe shi saboda matsalar kuɗi. Takwaransa na Birmingham, The Drum, da ke Aston, ya fi daɗewa, amma shi ma ya rufe a 2016. Ita kuwa ƙungiyar Talawa, wadda Yvonne Brewster da abokan aikinta suka kafa a Landan a 1986, ta yi shekaru ba ta da gidan wasa nata, kuma ta rayu. A 2016 ɗin nan ta haɗa gwiwa da Royal Exchange na Manchester da Birmingham Rep, inda ɗan wasa Don Warrington ya fito a Sarki Lear na Shakespeare. Sai su ce: me zai sa a ɗauki nauyin rufi da wuta da albashin masu gadi, alhali manyan dandamali sun buɗe ƙofa?

Ba na raina nasarar Talawa, amma zanen aro ba ya rufe katara. Baƙon dandamali makonni kaɗan yake yi ya kwashe kayansa, kuma mai gida ne ke yanke ko za a sake gayyatarsa baɗi. Gidan wasa na unguwa kuwa aikinsa ya wuce daren wasa: wurin gwaji ne, wurin taro, wurin da matashi zai yi kuskurensa na farko a gaban mutanen da suka san iyayensa. Batun kuɗi ma a duba shi da adalci. Royal Exchange kansa da tallafin hukumar fasaha ta Ingila yake tafiya, ba da kuɗin tikiti kaɗai ba, balle zauren da masu kallonsa talakawa ne.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne mutane ba su haƙura da gine-ginen ba. A 2018 wasu masu fasaha suka sake buɗe ginin Hulme da sunan Niamos, a 2019 kuma ginin The Drum ya dawo hannun baƙar fata da sunan Legacy Centre of Excellence. A Levenshulme ma, da aka rufe tsohon ɗakin karatu na 1904, mutanen unguwa ne suka karɓe shi suka mai da shi cibiyar fasaha da taruka.