Ƙasar Arewa: daga Lugu zuwa gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri

Matafiyin da ya bar Doso ya nufi Birnin Ƙonni a kan babbar hanyar ƙasa ta ɗaya, sai ya ratsa wani kwari mai faɗi wanda duwatsu masu shimfiɗaɗɗen kai suka yi wa katanga. Wannan shi ne Dallol Mawri, tsohuwar hanyar ruwa da ta ƙafe tun zamanin da, wadda ta gangaro daga arewa ta nufi kogin Kwara a wajen Gaya. A cikin kwarin ruwa yana kusa, rijiya ba ta zurfi, garuruwa kuma sun yi jere. A kan tudu kuwa ƙasa faƙo ce da tsakuwa, sai an sha wuya a cim ma ruwa. Tsakanin fadamar nan da tudun nan aka gina ƙasar Arewa, wadda mutanenta ke kiran kansu Arawa, Zabarmawa kuma suke ce musu Mawri.

A taswirar mulki ta yau, ƙasar ta kasu gunduma biyu cikin jahar Doso. Gundumar Dogon Dutsi tana da ƙananan hukumomi shida: Dogon Dutsi, Matankari, Kiyeshe, Dankasari, Dogon Kirya da Sukukutan. Gundumar Tibiri tana da huɗu: Tibiri, Dumega, Gesheme da Kore Mairuwa. Ƙidayar 2012 ta samu mutum fiye da dubu 370 a ta farko, kimanin dubu 270 a ta biyu. Wannan ita ce taswirar da ake koya wa ɗalibai. Amma a ƙarƙashinta akwai wasu biyu da suka girme ta, kuma ba a fahimtar Arewa sai an dubi ukun tare.

Taswirar farko ta masu ƙasa ce, wato Gubawa. Tarihin baka ya ce Sarauniya ta taso daga Daura da jama'arta, suna ɗauke da wani dutse mai suna Tunguma, har suka yada zango a Lugu. Daga nan aka buɗe daji, aka ƙulla alkawari da iskokin wurin. Baura ya zauna a Bagaji, shi ma da nasa rabon na tsaron ƙasa. Ikon waɗannan biyu ya shafi ruwan sama da albarkar gona da farauta da sasanta mutane da abin da ido ba ya gani. A gaban Tunguma ake kai shari'ar da ta gagara. Sarautar Sarauniya kuwa ba a neman ta: idan mai ci ta rasu, sai a ɗauki gawarta a al'adar da ake kira tarkama, wadda gawar ta nuna ita ce magajiya.

Taswira ta biyu ta masu sarauta ce. Labarin ya ce wani ɗan sarkin Barno mai suna Ari ya iso ƙasar, ya auri ɗiyar masu ƙasa, aka haifi Akazama, wanda ake lissafa shi Sarkin Arewa na farko. Daga sunan Ari ake cewa an samo Arewa da Arawa, saboda haka bai kamata a rikita sunan da arewa ta kusurwar duniya ba. Zuriyarsa ta riƙe yaƙi da mulkin mutane, ta bar wa Gubawa ƙasa da iskokinta. Matankari ta zama babbar cibiyar sarautar, sannan rigingimun gado suka sa ƴaƴan sarki suka watsu cikin kwarin, aka samu gidajen sarauta irin na Takatsaba da na Tibiri. A ƙarni na 19 yawancin Arawa suka ƙi bin Sakkwato da Gwandu, suka haɗa kai da Kabawa da Zabarmawa. Masanin nan Bafaranshe Marc-Henri Piault ya tattara labaran wannan zamani a littafinsa na tarihin Mawri na 1970.

Taswira ta uku a Turai aka fara zana ta. Yarjejeniyar Faransa da Ingila ta 14 ga Yuni 1898 ta sa iyaka ta bi tsakiyar Dallol Mawri har ta haɗu da wani da'ira mai nisan mil 100 daga birnin Sakkwato. Kwarin da ya haɗa Arawa sai ya koma abin raba su, kuma a takarda Lugu ta faɗa ɓangaren Ingila. Wannan bai hana rundunar Kyaftin Voulet da Kyaftin Chanoine, wadda ta nufi tafkin Cadi tana ƙone garuruwa, afka wa Lugu ba a ranar 16 ga Afrilu 1899. Sarauniya Mangu da maharbanta suka tsaya, aka gwabza, sannan suka janye cikin daji, aka ƙone garin. A watan Mayu rundunar ta yi wa Birnin Ƙonni kisan ƙare dangi. A watan Yuli kuma, bayan Voulet ya sa an harbe Kanar Klobb da aka aiko ya tsayar da shi, sojojinsu suka juya suka kashe kyaftin ɗin biyu.

Iyakar 1898 ba ta ɗore ba, domin ta hana Faransawa hanya mai rijiyoyi tsakanin Kwara da Damagaram. Yarjejeniyoyin 1904 da 1906 suka matsar da ita kudu, mafi yawan Arewa ya koma hannun Faransa. Sauran Arawa suka rage a Nijeriya, inda sunan ya wanzu a ƙaramar hukumar Arewa Dandi ta jihar Kebbi, mai hedikwata a Kangiwa. Nasara suka zaɓi Dogon Dutsi ta zama mazaunin kumandan, sarautar Sarkin Arewa ma ta baro Matankari ta komo can. Suka tsara ƙasar kanto uku, Arewa da Takatsaba da Tibiri. Abin da suke buƙata shi ne mai tara haraji da ƴan aikin tilas, don haka da masu sarauta suka yi hulɗa. Sarauniya da Baura ba su samu gurbi a wannan tsari ba.

Nijar mai ƴanci ta gaji tsarin ta yi masa gyare-gyare. Dokar 1964 ta sa Dogon Dutsi ƙarƙashin Doso, aka yi zaɓen ƙananan hukumomi na farko a 2004, sannan a 2011 aka cire Tibiri ta zama gunduma mai cin gashin kanta. Cikin duk wannan, Lugu ta kasance ƙauye ɗaya daga ƙauyukan Dankasari, nesa da kwalta. Musulunci ya game ƙasar a ƙarni na 20, masu bin al'adar Azna suka ragu ƙwarai.

Sunan Sarauniya dai ya yi nisa fiye da garinta. Abdoulaye Mamani ya fitar da littafin ƙagaggen labari a kanta a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin finafinan Afirka na Wagadugu a 1987. A 2006 Nijar ta saka Lugu cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su a matsayin gadon duniya. Sai dai jarumar littafi da fim mayaƙiya ce, alhali a Lugu yaƙin 1899 rana ɗaya ce cikin tarihin sarautar da aikinta shi ne tsaron ƙasa, wadda ta riga Mangu kuma ta ci gaba bayanta.

A nan nauyi ya hau kan malamai da ƙungiyoyin al'adu. Ɗalibin da ya haddace ƙananan hukumomi goma ya san inda ake yanke takardar haihuwa da inda ake biyan haraji. Bai san dalilin da ya sa Matankari ta girmi Dogon Dutsi a sarauta ba, ko abin da ya sa yake da dangi a Kangiwa, ko matsayin Bagaji a wurin kakanninsa. Amsoshin suna bakin tsofaffin Lugu da Bagaji da Matankari, kuma kowace shekara masu riƙe da su raguwa suke yi.