Gaiwa da Lokacin Ruwa a Ƙasar Jigawa

A kasuwannin Arewa, har da ta Maigatari mai ci ranar Alhamis, ana auna busasshen kirefish da gwangwani domin miya. Baƙo ne a wannan ƙasa. Ƙananan jatan lande ne da ake kamowa a bakin teku wajen Oron da maƙwabtanta, a busar, a yo lodinsu zuwa Arewa. Ainihin dabbar da Turawa suka laƙaba wa wannan suna, mai manyan hannuwa biyu irin na ƙaguwa, ba ta da asali a Afirka, in ban da tsibirin Madagaska. Wadda ake gani yau a tafkin Naibasha na Kenya 'yar kudancin ƙasar Amurka ce, an zuba ta can wajen 1970, ta cinye tsirran ruwa, ta addabi masunta da yayyaga musu taru. To, su wane ne 'yan gida a ruwan ƙasar Gumel, inda babu kogi mai gudu rani da damina? Amsar tana cikin tarihin ruwan kansa.

Sunan jihar ma ya ba da labari. Jigawa ita ce tudun rairayi, kuma jigayin da suka miƙe daga Gumel zuwa Sule Tankarkar, Gagarawa da Maigatari iska ce ta tara su a wani zamani na matsanancin fari, fiye da shekara 12,000 da suka wuce. Daga baya ruwa ya dawo da ƙarfi. Kimanin shekara 7,000 baya, Tafkin Cadi ya kai faɗin murabba'in kilomita 350,000. Kwalekwalen da wani makiyayi ya tono a Dufuna ta Jihar Yobe a 1987, yana cikin haƙa rijiya, ya kai shekara 8,000 da sassaƙawa, tsawonsa ya haura mita 8. Mutanen da suka sassaƙa shi sun rayu cikin yalwar ruwa. Da sama ta sake janyewa, abin da ya rage shi ne Kogin Haɗeja da fadamunsa a kudu da gabas, sai tafkunan da ke cika a kwarin da ke tsakanin jigayi idan damina ta sauka, su ƙafe kafin bazara.

Duk halittar da ta zauna a irin wannan ruwa dole ta san yadda za ta yi da watannin rani, kuma babu wadda ta kai gaiwa ƙwarewa. Gaiwa kifi ce mai huhu, tana ɗagowa saman ruwa ta shaƙi iska, in aka hana ta sai ta mutu. Idan ruwa ya fara ja, sai ta haƙa rami a cikin taɓo, ta naɗe jikinta, ta fitar da yauƙi wanda ke bushewa ya zame mata kamar tanti, da 'yar ƙofa a daidai bakinta inda iska ke shiga. Bugun zuciyarta ya ragu, ta daina ci da sha. Dattin da kifi ke zubarwa cikin ruwa ita sai ta juya shi zuwa wani sinadari mara dafi sosai, ta adana har ruwa ya dawo. Abincinta a wannan zama tsokar jikinta ce. Bahaushe ya daɗe yana cewa gaiwa jikinta take ci, tun kafin masani Richard Owen ya bayyana ta ga Turawa a 1839 daga wadda aka kai Ingila daga Kogin Gambiya.

Wasu sun bi wata hanyar. Tarwaɗa tana da wata gaɓa a bayan kai da ke ba ta damar shaƙar iska, shi ya sa take jure ruwan da ya kusa zama caɓi, har takan ja jiki a kan danshi zuwa wani ruwan. Akwai kuma wani ɗan kifi da bai kai tsawon yatsa ba, wanda masana suka fara bayyanawa a 1928 kuma suke kira Pronothobranchius kiyawensis, domin a Kogin Kiyawa aka samo shi. Shi damina ɗaya ce duk rayuwarsa. Yana binne ƙwansa a laka, iyaye su mutu da ƙafewar tafki, ƙwan ya kwana cikin busasshiyar ƙasa har ruwan baɗi ya ƙyanƙyashe shi. Katantanwar da ke yaɗa tsargiya ita ma lafewa take yi a cikin laka, sai dai rani yakan kashe da yawa daga cikinta, kuma wannan rahama ce ga mutane.

Kifayen kogi, irin su karfasa, ƙurungu da giwan ruwa, da ambaliya suke lissafi. Idan kogi ya batse ya malala cikin fadama, nan da yawansu ke bazuwa su yi ƙwai, 'ya'yan su yi kiwo cikin ciyawar da ruwa ya shanye, sannan su gangara kogi da kaka. Masunta, manoman shinkafa da makiyaya duk a kan wannan juyi suka gina sana'arsu. Masarautar Gumel, wadda Mangawa suka kafa wajen 1750, ba ta mallaki babban ruwa ba, ciniki ne arzikinta. Heinrich Barth, da ya ratsa garin a 1851, ya same shi babbar matattarar kanwa tsakanin Borno da Kano. Kifin banda daga fadamun Haɗeja da Nguru ta hannun 'yan kasuwa yake isowa tudun, har yau.

Juyin ya fara kwancewa a shekarun 1970. Farin 1972 zuwa 1974 ya zo daidai da kammala madatsar Tiga a kan Kogin Kano a 1974, ƙarƙashin gwamnatin Audu Baƙo. Wani farin ya biyo a 1983 da 1984, sannan madatsar Challawa a 1992. Waɗannan koguna biyu su ne ke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja. Filin da ambaliya ke rufewa a fadamun Haɗeja da Nguru, wanda ya kai hekta 250,000 zuwa 300,000 a shekarun 1960 da farkon 1970, ya sauko zuwa tsakanin 70,000 da 100,000. Madatsun sun ba Kano ruwan sha da noman rani a Kadawa, wannan ba abin musu ba ne. Amma sun rage tashin ruwan damina, sun kuma saki ruwa da rani cikin magudanan da a da suke bushewa.

Wannan na biyun shi ne ɓarnar da ba a hango ba. Magudanar da ba ta ƙafewa gida ce ga kacalla. Ciyawar ta mamaye mashigai irin na Marma, ta tare laka, ta toshe hanyar kwalekwale da ta kifi, ta karkatar da ruwa ya cinye gonakin wasu ya bar na wasu a bushe. Tsuntsun jan baki ya sami mafaka a cikinta, yana fita ya afka wa gero da shinkafa. Katantanwar tsargiya kuma ta huta da ranin da ke rage ta. An kafa shirin kiyaye fadamun Haɗeja da Nguru a 1987, aka kuma sanya tafkin Nguru da mashigin Marma cikin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2000, amma yankan kacalla bai ƙare ba.

Darasin wannan tarihi shi ne halittun ruwan Jigawa suna buƙatar lokaci kamar yadda suke buƙatar ruwan. Sai ya zo da ƙarfi da damina, ya tafi da rani. Mai riƙe da ƙofar madatsa yana iya kwaikwayon wannan idan ya tsara sakin ruwansa a kan watannin ambaliya. A tudun Gumel da Maigatari kuwa, inda garuruwa ke faɗaɗa kuma ake yanka filaye ga yankin ciniki na kan iyaka, ƙafaffen tafki yakan yi kama da kangon da ba mai shi. Kafin a cike shi da ƙasa, ya kamata a tuna cewa a nan ruwan damina ke tsayawa ya jiƙa ƙasar rijiyoyi, a nan dabbobi ke sha, kuma a ƙarƙashin tsagaggiyar lakar akwai rayuka da ke jiran saukar ruwan farko.