Fim mai dogon zango na faɗa da kasada: daga ina ya fito, me ke riƙe mu, ina yake yin tuntuɓe

Fim mai dogon zango shi ne wanda ba a gama labarinsa a zama ɗaya. Ana yanka shi kashi-kashi, a tara kashin su zama zango, wanda yawancinmu muke kira sizin. Akwai na soyayya, akwai na barkwanci, akwai na rikicin gidan aure. Wanda nake magana a kai yau shi ne na faɗa da kasada: jarumi ɗaya ko 'yan ƙungiya kaɗan, maƙiyi mai ƙarfi, gudu, bin sawu, kurkuku, takobi ko bindiga, kuma kowane kashi sai ya ƙare daidai inda ranka ba ya so. A bakin 'yan kallo dai abin bai wuce akta da bos ba, sai dai a nan bos ɗin ba ya mutuwa cikin awa biyu, yana iya kai shekara uku yana numfashi.

Tushensa ya girmi talabijin

Masu cewa Turawa ko Turkawa ne suka koya mana son irin wannan labari ba su duba baya ba. A gasar rubutun Hausa da aka shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara. Ka duba ginin Ruwan Bagaja: Alhaji Imam ya fita neman ruwan magani, gari bayan gari, kowane gari da tasa masifar, kuma duk inda ya sauka sai ga Malam Zurƙe ɗan Muhamman ya ɓullo, su yi wa juna tsiya, su rabu, su sake haɗuwa. Wallahi in ka yanka littafin nan babi-babi ka ɗora a YouTube, ka samu sizin guda cif. Ganɗoki kuwa ya fara da yaƙin Turawa, ya zarce har ƙasashen aljannu. Daga baya Ahmadu Ingawa ya kawo Iliya Ɗan Maiƙarfi. Zuwa zamanin yayyenmu sai littattafan yaƙi irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini suka cika shagunan haya, na ɗaya, na biyu, na uku, ka karanta na ɗaya ka rasa barci har sai wanda ya ari na biyu ya maido.

Sai zamanin faifai ya zo. Wanda ya tashi a Mabera ko Runjin Sambo ko Arkilla a shekarun 2000 zuwa 2010 da wani abu ya san faifan nan da ake cusa sizin guda a ciki: 24, Prison Break, Merlin, da Jumong na Koriya mai kashi 81. Da yawa ba su jin Turancin, balle Koriyanci, amma sun san waye maci amana tun kafin jarumin ya gane. Bayan haka fassarar Hausa ta shigo, kamfanoni irin su Algaita suka mayar da fina-finan Indiya kamar a bayan gidanku aka yi su, faifai ya mutu, memori da masu turi suka gaje shi. Yau in ka bi shagunan caji da turi a cikin garin Sakkwato, abin da ake tambaya shi ne “kashi na nawa ya fito?”

Kannywood ta shigo wannan layi a makare, kuma dole ce ta sa. Satar fasaha ta karya kasuwar faifai. Arewa24 ta buɗe a 2014, ta fara Daɗin Kowa a 2015, ta kawo Kwana Casa'in a 2019. Kullen korona na 2020 ya zaunar da mutane a gida da waya a hannu, a shekarar ne Izzar So na Lawan Ahmad da Labarina na Aminu Saira suka kama ƙasa. Waɗannan biyun sun fi karkata ga soyayya da rikicin dukiya. Mafi kusa da abin da muke magana su ne Kwana Casa'in, mai makircin siyasa da kisa da ɗan jarida cikin haɗari a jihar Alfawa ta ƙirƙira, da kuma A Duniya na Tijjani Asase, wanda ya shiga lungun 'yan daba ya fito da Daddy Hikima a matsayin Abale, sunan da har yau ya fi nasa na yanka tashe.

Me ke riƙe mutum

Abu na farko sabo ne. Fim na awa biyu baƙo ne, ya zo ya tafi. Mai dogon zango kuwa maƙwabci ne. Bayan kashi talatin ka san yadda Bamsi ke dariya, ka san in Turgut ya ɗauko gatari magana ta ƙare, ka san irin kallon da Bawa Maikada, wato Sani Mu'azu, ke yi kafin ya shirya wa wani gadar zare. Ba sai an sake gabatar maka da kowa ba, ka shiga kawai kamar ka dawo majalisa.

Na biyu, kuma shi ne babba a wurina: a cikin fim ɗin nan duniya tana da tsari. Azzalumi yana da fuska da suna, kuma komai daɗewa zai gamu da gamonsa. Yaron da ya wuni kan kabu-kabu cikin zafin watan Afrilu na Sakkwato, ko ɗalibin da ya zauna gida wata takwas a yajin aikin malaman jami'a na 2022, ko wanda danginsa suka baro ƙauye a gabashin jiha saboda 'yan bindiga, duk sun san wata duniyar da ba haka take ba, inda mugu ke yin abinsa ya kwana lafiya. In irin wannan mutum ya sa abin ji a kunne ya kalli Michael Scofield yana fitar da ɗan'uwansa daga kurkukun Fox River da taswirar da ya zane a jikinsa, ba wauta yake yi ba. Hutu yake nema na minti arba'in a wurin da dabara da jarumta ke biya. Masu cewa ɓata lokaci ne zalla, ina ganin ba su taɓa buƙatar irin wannan hutun ba.

Ertugrul ya ƙara wani abu a kan wannan, shi ya sa ya yi irin karɓuwar da 24 bai taɓa yi ba a gidajenmu. An fara shi a tashar TRT 1 ta Turkiyya a Disambar 2014, aka rufe a Mayun 2019, zango 5, kashi 150, kowane kashi wajen awa biyu. Mehmet Bozdag ne ya ƙirƙira, Engin Altan ya fito a jarumin. Ga doki, ga takobi, ga alwala da sallah, ga mata cikin sutura, ga dattijo mai nasiha. Fim ne da za ka kalla a tsakar gida ba ka riƙe rimot kana shirin tsallake wani wuri. Mu kuma nan garin da aka tashi da labarin Tabkin Kwatto da faɗuwar Alkalawa da Giginya, ganin 'yan tsirarun mahaya sun kafa daula ba baƙon zance ba ne a kunnenmu. (Abin da ke ba ni haushi kawai, ga labarin Kanta na Kabi da ganuwar Surame a nan kusa da mu, labarin da zai ci zango biyar ba a yi ƙari ba, amma dawakin Turkawa muke ta ƙirgawa.)

Na uku hira ce. Rabin daɗin abin ba a waya yake ba, yana wurin mai shayi da guruf na WhatsApp, inda ake gardamar wa ya tona asiri, wa zai mutu mako mai zuwa. Wanda bai kalla ba sai ya zama kurma a majalisa.

Inda abin ke lalacewa

Babbar cutar ita ce jan labari, kuma tana da dalili na kuɗi. A YouTube talla ce ke biya, talla kuma tana bin yawan kallo da tsawon lokacin da aka ɗauka ana kallo. Ga kuma tallan da ake sakawa a cikin shirin kansa, na masu magani da masu filaye da shagunan atamfa. Wanda ya karɓa a wurin mai turi bai ƙara wa furodusa ko sisi ba. To furodusan da ya samu shirin da ke kawo kuɗi duk mako, da wane dalili zai rufe shi? Ya rufe ya koma ina? Sai labarin da ya kamata ya ƙare a kashi 26 ya kai 100. Za ka gane an shiga wannan hali in ka ga kashi ya buɗe da dogon tuna baya, mota ta ɗauki minti biyu tana shiga get, mutum uku sun ba wa juna labarin abin da kai ka riga ka gani da idonka, sannan a minti na ƙarshe a buga kiɗan tashin hankali a kan fuskar wani.

Ba mu kaɗai ba ne. Sunan Prison Break fasa kurkuku, kuma an fasa shi a ƙarshen zangon farko. Da ya samu kasuwa sai aka sake jefa Scofield wani kurkukun a Panama a zango na uku. A 2009 aka kashe shi, aka nuna kabarinsa, mutane suka yi jimami. A 2017 sai ga shi da rai a wani kurkukun a Yaman. Noyan na Ertugrul ma haka, an gama da shi a zango na biyu, ya dawo a na huɗu. Matsalar wannan ba ƙarya ba ce kawai, ai duk fim ƙarya ne. Matsalar ita ce in mutuwa ba ta da tabbas, tsoro ya tafi, kuma fim ɗin kasada da babu tsoro a cikinsa miya ce ba gishiri. Daga ranar da aka tayar da matacce na farko, duk wanda aka soka wa takobi sai ka ce “zai dawo”.

Sai maimaici. Ka lura da Ertugrul: kowane zango akwai maƙiyi na waje, akwai munafiki na cikin gida, Kurdoglu a farko, Ural daga baya, Sadettin Kopek a fada. Kowa a cikin 'yan kallo ya gane munafikin tun kashi na biyu, amma dattawan ƙabila sai sun yi kashi ashirin suna zargin jarumin. A yi masa ƙazafi, a ɗaure shi, a kusa zartar da hukunci, gaskiya ta fito. Zango na gaba a canza wa munafikin suna da hula. Da aka rufe shi ma ba a huta ba, a Nuwamban 2019 aka ɗora da Kurulus Osman a kan wannan turba.

Akwai matsalar da ta fi damun namu na gida: shiri yana daɗewa, rayuwa kuma ba ta jira. Nafisa Abdullahi ta bar Labarina a 2022, Fati Washa ta karɓi matsayin Sumayya, 'yan kallo suka rabu biyu, daga baya ma shirin ya koma sabon labari gaba ɗaya da Sadiq Sani Sadiq. A wannan shekarar ta 2022 Allah ya yi wa Nura Mustapha Waye, daraktan Izzar So, rasuwa, haka ma Umar Malumfashi na Kwana Casa'in. Allah ya jiƙansu. Mutuwa ba laifin kowa ba ce, amma shirin da ake rubutawa ana ɗauka ana saki kusan lokaci guda, ba tare da an san ƙarshensa ba, kowace girgiza sai ta bayyana a labarin: a tura wani ƙasar waje ba dalili, a sa wani hatsarin mota, a manta da wani kwata-kwata.

Tarihi ma yana shan wahala. Abin da aka tabbatar game da Ertugrul na gaskiya kaɗan ne ƙwarai, mafi yawan abin da ke cikin shirin ƙirƙirar marubuta ce. Ibn Arabi mutum ne na gaske, ya rasu a Dimashƙa a 1240, amma zaman da ake nuna yana yi da jarumin aikin fim ne. Na sha jin samari suna kafa hujja da shirin kamar littafin tarihi suka karanta. Kalle shi don daɗi, in kana son tarihin Daular Usmaniyya ka nemi littafi.

Maganar daba da hukumar tace fina-finai

Nan ne gardama ta fi zafi. Masu shirya irin su A Duniya suna cewa wa'azi suke yi, suna nuna ƙarshen ɗan daba. Masu suka suna cewa ƙarshen yana zuwa a kashi ɗaya, amma kashi hamsin kafin nan ɗan daban ne mai kwarjini, shi ke da kalaman da yara ke haddacewa. Ni ina ganin duka biyun suna da gaskiya, kuma tsawon shirin ne ke karkatar da ma'aunin: in mugu ya daɗe a allo, sabon nan da na ambata a sama yana aiki a kansa shi ma, sai ka wayi gari kana sonsa. An yi irin wannan muhawara a Amurka kan yadda Jack Bauer ke azabtar da mutane a 24 kuma kullum azabar ta fito da gaskiya.

Hukumar tace fina-finai ta Kano, inda mafi yawan shirye-shiryen nan ke fitowa, ta sa baki fiye da sau ɗaya. A 2021, zamanin Isma'ila Na'abba Afakallah, ta hana fina-finan da ke nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya. A 2024, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta hana masu nuna daba da daudu. A Mayun 2025 kuma ta dakatar da shirye-shirye 22 a lokaci guda, har da Labarina da Daɗin Kowa da Manyan Mata da Garwashi, bisa cewa ana sakin su ba a kawo an tace ba. Sai dai ikon hukumar a kan masu shiryawa a Kano yake. Mai turi a Gawon Nama da ke loda wa yaro fassarar fim ɗin Indiya mai sare-sare, ko sizin ɗin Turawa da ba wanda ya duba, ba ya cikin lissafinta.

Ga wanda zai fara

In Prison Break ne, zango na ɗaya da na biyu sun ishe ka, sauran na masu taurin kai ne irina. Ertugrul ka ba shi zango biyu na farko, in ka ga ka fara tsallake zaman shawarar dattawa kana neman wurin faɗa, to ka ƙoshi ke nan. Kwana Casa'in a fara shi daga kashi na ɗaya, don in ka faɗa tsakiya ba za ka gane wa ke yi wa wa aiki ba. Jumong kuwa yana da abin da sauran suka rasa: kashi 81 ne, yana da ƙarshe, kuma da aka kai ƙarshen an tsaya.