Jadawalin Rabon Gado: Tarihin Zana Lissafi Domin Ido, da Misali Daga Gonakin Tsanyawa

Wanda ya bi hanyar Kano zuwa Katsina da damina, idan ya wuce Bichi ya doshi Tsanyawa, zai ga gona tana manne da gona, ba abin da ya raba su sai layin gamba ko 'yar siririyar hanyar ƙafa. Irin wannan cunkoson noma na ƙasar Kano ne Michael Mortimore da J. Wilson suka nazarta a aikinsu na 1965. A ƙasar da babu dajin da za a sara a ƙara, gado shi ne babbar ƙofar mallakar gona, kuma kuskuren lissafi a wurin rabo yana nufin an ɗebe abincin wani gida an kai wani gida. Wannan maƙala tana bibiyar tarihin wani kayan aiki da malaman fara'ili suka dogara da shi don kauce wa wannan kuskure, wato jadawali, tare da duba abin da binciken zamani kan zana bayanai yake da shi na faɗa game da shi.

Zana magana domin ido ya taimaki kunne yana da asali a Sunna. Bukhari ya ruwaito a Kitabur Riƙaƙ, daga Abdullahi ɗan Mas'ud (RA), cewa Annabi (SAW) ya zana murabba'i, ya ja layi a tsakiyarsa har ya fita waje, sannan ya ja wasu ƙananan layuka a gefen na tsakiyar, ya bayyana cewa murabba'in ajali ne da ya kewaye mutum, layin da ya fita burinsa ne, ƙananan kuwa musibu ne da ke bijiro masa. Abin lura ga mai tarihi shi ne, da masu sharhi suka zo kan wannan hadisi, lafazi kaɗai bai wadatar da su ba. Ibn Hajar (ya rasu 852 BH) ya zana siffar a cikin Fathul Bari, ya kuma kawo saɓanin da aka yi kan yadda take. Daga baya fannoni da dama sun bi wannan hanya: Halilu ɗan Ahmad ya tattara bahurran waƙar Larabci a da'ira biyar, masu ilmin nasaba suka zana bishiyoyin dangantaka, masu rubuta Mus'hafi kuma suka raba aiki tsakanin launuka. Wannan na ƙarshe muna ganinsa har yau a hannun alarammominmu: baƙi na harafi, ja na wasali, rawaya ta hamza, kore na alifin sadarwa, ga kumsa a aya ta biyar, ga kuri a ta goma. Gardi yana duban shafi ya san inda yake tun kafin ya karanta kalma ɗaya.

Amma fara'ili ne ya fi kowane fanni buƙatar zane, saboda wani babi nasa da ake kira munasaha: mutum ya rasu, ba a raba gadonsa ba har wani daga cikin magadansa ya rasu, wataƙila ma na biyu da na uku. Littattafan da ake karantawa a zaurukanmu, Risala ta Ibn Abi Zaid, da Askari, da Muhtasar na Halilu, duk sun zo da hukunce-hukuncen gado a cikin jimloli, ba a cikin gidajen lissafi ba. Ƙa'idar tana nan daram a cikinsu, sai dai riƙe matattu uku da magada ashirin a ka, tare da ninkawa da rabawa, abu ne da yake gagarar ko da gwani. Malamin da ya shahara da rubuta maganin wannan shi ne Shihabuddin Ahmad ibn al-Ha'im, haifaffen Alƙahira, wanda ya koyar a Ƙudus ya kuma rasu a can a 815 BH (1412). Ya keɓe risala kan aikin munasaha da jadawali, wanda ake kira shubbak, wato taga mai gidaje-gidaje. Ya ambata cewa ya karɓi wannan hanya daga malaminsa Abul Hasan al-Jalawi, kuma bai gan ta rubuce a wani littafi ba kafin nan. Wannan batu yana da muhimmanci a gare mu: jadawalin ya rayu a hannun malamai da almajiransu kafin ya shiga littafi, kamar yadda lissafin gado yake rayuwa a ƙauyukanmu a bisa allo, ko a bayan takarda, ko a ƙasa da ɗan tsinke, a gama a share.

Bari mu ɗauki misali, wanda muka tsara shi don bayani, amma duk wanda ya zauna a zauren mai unguwa a wannan yanki ya san irinsa. Magidanci ya rasu ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza biyu da mata uku, da gona ɗaya. Matar tana da sumuni, sauran kuma na 'ya'ya ne, namiji rabon mata biyu. Asalin mas'alar takwas ne: matar ɗaya, kowane namiji biyu, kowace mace ɗaya. Aka ci gaba da noma gonar a gandu, ba a raba ba, har ɗaya daga cikin 'ya'ya matan ta rasu a gidan mijinta, ta bar miji, da ɗa namiji, da mahaifiyarta, wato matar mamacin farko. Mijin yana da rubu'i, uwar tana da sudusi, ɗan ya kwashe saura, ya kuma katange 'yan'uwanta. Asalin wannan mas'ala ta biyu goma sha biyu ne: uku, biyu, bakwai. Rabonta guda ɗaya ba ya rabuwa gida goma sha biyu, don haka a ninka takwas sau goma sha biyu, jami'a ta zama 96. Uwar ta tashi da 14, domin tana da 12 daga mijinta da 2 daga 'yarta, kowane ɗa namiji 24, kowace daga 'ya'ya mata biyu da suka rage 12, surukin 3, jikan 7.

Mai karatu ya lura da yadda ya wahala wajen bin wannan sakin layi, alhali matattu biyu ne kacal. A jadawali kuwa kowane magaji yana da layinsa a kwance, kowane mamaci yana da ginshiƙinsa a tsaye, asalin mas'ala yana bisa kan ginshiƙin a cikin 'yar ƙubba. Uwar da ta ci gado sau biyu layi ɗaya take da shi, ido ya bi shi ya ga 12 ya ga 2. Wanda aka katange ana rubuta shi, a sa masa alamar ba shi da komi, don a san ba mantawa aka yi da shi ba. A ƙarshe a tara ginshiƙin jami'a, in bai ba da 96 ba, an san akwai kuskure, kuma ana iya komawa baya gida-gida har a gano shi. A ganina wannan ita ce babbar falalar shubbak: yana ajiye hanyar da aka bi a fili, yadda alƙali, ko wani malami, ko ɗalibin da ke cikin magada zai iya bin sawun mai rabo. Kuma wanda ya fi amfana da haka shi ne mai rauni. A misalinmu, wanda aka fi saurin tsallakewa shi ne jikan nan da yake wani gari a gidan ubansa, da haƙƙin da ya zo masa ta hanyar mace. Idan aka fara lissafi daga waɗanda suke noma gonar yau, ba zai bayyana ba. Idan aka fara daga mamacin farko aka ba kowa layi, babu yadda za a yi layin mahaifiyarsa ya ɓace ba tare da jimlar ta gaza ba.

Ƙasar Hausa ba baƙuwa ba ce ga tunani da gidajen lissafi. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, ya yi rubutu a 1732 kan ƙa'idojin cika wafaƙi, abin da muke kira hatimi. Malamai sun yi saɓani kan amfanin da ake yi da hatimi, kuma ba nan ne wurin wannan muhawara ba. Abin da ya shafe mu shi ne ƙwarewar tsara adadi a gidaje yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya. Haka kuma Hugh Clapperton, da ya zo Sakkwato a 1824, ya koma da taswirar ƙasashen Sudan daga fadar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, aka buga ta a Landan a 1826.

A Turai, zanen ƙididdiga irin na yau ana danganta farkonsa ga William Playfair, wanda ya buga zanen sanduna a 1786 da da'irar da ake yanka ta yanki-yanki a 1801. Binciken da ya fi shafar batunmu shi ne na William Cleveland da Robert McGill a 1984, inda suka gwada yadda mutane suke karanta zane, suka samu cewa ido ya fi daidaita hukunci idan yana kwatanta matsayi a kan ma'auni ɗaya, ya fi yin kuskure idan yana kwatanta kusurwa ko faɗin fili. To, manhajojin rabon gado da suka cika wayoyin ɗalibanmu, wasunsu suna ba da sakamako ne kawai, wani lokaci a cikin da'ira mai launuka. A da'irar da aka yanka gida 96, wa zai bambance 14 da 12 da ido? Rabon surukin kuwa zai zama ɗan tsinke. Ba na inkarin amfanin waɗannan manhajoji, suna da sauri kuma ba sa kuskuren ninkawa. Aibin yana inda suka ɓoye matakan, suka kuma yi shiru kan mazhabar da suka bi, alhali akwai mas'alolin da Malikiyya ta saɓa wa wasu a cikinsu, kamar gadon kaka namiji tare da 'yan'uwa, wanda Imamu Abu Hanifa yake ganin kakan yana katange su. Ibn al-Ha'im ya bar wa mai duba ƙofar bincike. Mai tsara manhaja bai kamata ya rufe ta ba.

Sai dai shi ma jadawalin yana da iyaka, kuma manomin Tsanyawa ya fi kowa saninta. Jadawali yana ɗaukar gona tamkar buhun gero, kowane mudu daidai da ɗan'uwansa. Gona kuwa tana da gefen jigawa da gefen fako, da inda aka shekara goma ana kai taki, da ɗorawa ko kuka da ke tsaye a kusurwa ɗaya. Awon faɗi kaɗai ba ya warware wannan, kuma mutanen ƙasar Kano suna da tsohon tarihi da mai awo tun zamanin malaman taki, waɗanda suke auna gonaki da taku don yanka haraji a farkon mulkin Turawa. Shi ya sa fiƙihu ya tanadi ƙimantawa kafin rabo da ƙuri'a, ya kuma buɗe ƙofar sulhu, inda mai 3 cikin 96 zai karɓi kuɗin rabonsa maimakon ɗan zirin da garma ba za ta iya juyawa a cikinsa ba. A nan ne kayan aikin zamani za su iya ƙara abin da shubbak bai da shi, idan aka haɗa jadawalin da taswirar gonar da aka auna, kowane yanki da ƙimarsa, magada suna kallo ana sauya layin iyaka suna ganin yadda adadin yake sauyawa.

Kafin a kai ga haka akwai aikin da ya fi kusa da ɗaliban wannan fanni. Takardun rabo da malamai da kotunan shari'a suka rubuta a Tsanyawa, Bichi, Shanono da maƙwabtansu su ne za su nuna yadda aka zana gidajen, da lambobin da aka yi amfani da su, da yadda aka yi alamar wanda aka katange. Irin waɗannan takardu a cikin gafaka da akwatunan magada suke, ba su da kwafi na biyu, kuma gara da ɗigon damina suna cin su kowace shekara.