Digirin kula da jin daɗin yara da iyali: abin da ɗalibin ƙasar Yauri ya kamata ya sani

Aikin kula da jin daɗin jama'a fanni ne da ake nazarinsa a jami'a har a sami digiri, kuma babban ɓangarensa ya shafi tallafa wa yara da matasa da iyalan da suka shiga wani hali.

Mutane da dama na ɗaukarsa a matsayin aikin tausayi kawai. To amma sana'a ce mai ƙa'idoji da dokoki, kamar aikin jinya ko na lauya.

An fara koyar da shi ne a birnin New York na Amurka a 1898, sannan aka buɗe makarantarsa a Amsterdam ta ƙasar Holan a 1899.

Tarihinsa a Najeriya

Gwamnatin mulkin mallaka ce ta soma shigo da tsarin a Legas a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sakamakon yawaitar yaran da ke gararamba a tituna. A 1943 aka kafa dokar yara da matasa ta Legas, yayin da Jihar Arewa ta yi tata a 1958.

Kafin wannan lokaci, da ma bayansa, dangi da malamai da masu unguwanni ne ke riƙon marayu da sasanta ma'aurata a ƙasar Hausa, tare da taimakon zakka da waƙafi.

Jami'ar Najeriya da ke Nsukka ta fara koyar da fannin a 1976. A ƙarshen 2022 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar kafa majalisar da za ta tsara wannan sana'a a ƙasar.

Me ake karantawa?

Ɗalibi yakan karanta ilmin zamantakewar ɗan Adam da na halayyarsa, da matakan girman yaro, da dabarun ba da shawara, da kuma hanyoyin gudanar da bincike.

Haka nan yana nazarin dokoki, musamman Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003. Wannan doka ba ta aiki a jiha sai majalisar jihar ta amince da ita, abin da Jihar Kebbi ta yi a 2022 a zamanin Gwamna Abubakar Atiku Bagudu.

Akwai kuma horon sanin makamar aiki, inda ake tura ɗalibi asibiti ko gidan marayu ko gidan horon yara ko ofishin kula da jin daɗin jama'a. A nan ne yake koyon rubuta bayanan kowane yaro da kuma riƙe sirrin iyali.

Yadda ake shiga

Ana buƙatar kiredit biyar a jarrabawar kammala sakandare, ciki har da Turanci da lissafi, sannan a ci jarrabawar JAMB. Karatun shekara huɗu ne, amma mai takardar difloma da aka amince da ita kan iya fara wa daga aji biyu.

Cikin jami'o'in da ke da sashen wannan fanni akwai na Nsukka da Ilorin da Benin da Kalaba, kuma dukkansu suna da nisa daga Shanga ko Ngaski.

Wata hanyar kuma ita ce karanta ilmin zamantakewa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ko Jami'ar Bayero ta Kano, daga baya a ƙware a digiri na biyu a wuri irin Jami'ar Ibadan. Sai dai ya kamata ɗalibi ya san cewa fannonin biyu ba ɗaya ba ne: na farko nazarin al'umma ne, na biyu kuwa aiki ne da mutum ido da ido.

Buƙatar yankin

Ƙasar Yauri ta daɗe da sanin abin da ke raba iyali da muhallinsa. Lokacin da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, an sake wa mutane fiye da dubu 40 matsuguni, ciki har da Gungawa mazauna tsibiran Kogin Kwara.

A watan Mayun 2021 wani jirgin ruwa ɗauke da mutane fiye da 150 ya nitse kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, inda akasarinsu suka rasa rayukansu.

Ranar 17 ga watan Yunin shekarar kuma 'yan bindiga suka sace ɗalibai da malamai a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri. Sai a 2023 aka sako 'yan matan da suka rage a hannunsu.

Bayan an janye jami'an tsaro da masu aikin ceto, akwai sauran aiki: mayar da yaro makaranta, samar wa maraya mai riƙo, da taimaka wa iyaye su karɓi ɗiyar da ta dawo ba tare da tsangwama ba. Wannan shi ne aikin da digirin ke horar da mutum a kansa.

A nan ɗan yankin ya fi baƙo dama. Wanda ke jin Shanganci ko Gunganci ko Kambarci baya ga Hausa, ya kuma san matsayin liman da dagaci, shi ne uwa za ta fi sakin jiki ta faɗa wa damuwarta.

Guraben aiki

Bayan hidimar ƙasa, masu wannan digiri kan yi aiki a ma'aikatun harkokin mata, da sassan jin daɗin jama'a na ƙananan hukumomi, da asibitoci, da kotunan yara, da gidajen gyaran hali, da kuma hukumomi irin su UNICEF.

Kafin ɗalibi ya cike takardar neman gurbi, yana da kyau ya duba littafin jagora na JAMB, ya kuma tabbatar cewa Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ta amince da kwas ɗin a jami'ar da ya zaɓa.