Mako Biyu Ana Gaisuwa: Yadda 'Yan Rediyon Sha'awa Suka Koma Dogon Zango

Duk wanda ya tashi a gidan da ake murɗa akwatin rediyo da asuba ya san gajeren zango: mita 49, mita 31, mita 19. A nan iyayenmu suka riƙa kamo Sashen Hausa na BBC tun da aka buɗe shi a 1957. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, gajeren zangon nan a da juji ne, wurin da aka kora wasu mutane don a huta da su.

Mutanen su ne 'yan rediyon sha'awa, wato waɗanda ke harhaɗa na'urar aika saƙo a gidajensu, su riƙa magana da junansu ba don kuɗi ba, ba kuma don aikin gwamnati ba. A farkon ƙarni na 20 sun yi yawa a Amurka, kuma babu dokar da ta hana su shiga kowane zango. Da jirgin ruwan Titanic ya nutse a watan Afrilun 1912, sai aka yi ta ƙorafin cewa sun cika sararin da surutu, har ana zarginsu da yaɗa labaran ƙarya a kan haɗarin. Kafin shekarar ta ƙare majalisar Amurka ta yi doka: ɗan sha'awa ba zai aika saƙo a zangon da ya wuce mita 200 ba. Masana na lokacin sun yi imanin cewa dogon zango ne kaɗai ke cin nisa, don haka aka keɓe shi ga sojan ruwa da manyan kamfanoni. Ragowar kuwa, wanda ake gani ba ya da wani amfani, aka ce ga naku nan.

Ashe alheri aka yi musu ba a sani ba. A watan Disambar 1921 ƙungiyarsu ta ARRL ta tura Paul Godley zuwa Ardrossan a Sikotilan, ya kafa tanti cikin ruwan sama da sanyi, ya kamo tashoshin 'yan uwansa na Amurka fiye da ashirin. A Nuwambar 1923 Léon Deloy da ke birnin Nice a Faransa ya yi musayar saƙo kai tsaye da Fred Schnell da John Reinartz a Amurka, a zangon da ke kusa da mita 100. Nan da nan kamfanonin da suka narkar da dukiya a dogon zango suka biyo sahu, gidajen rediyon ƙasashe suka biyo bayansu.

Wannan ɓangaren labarin ana yawan ba da shi. Wanda ya fi jan hankalina shi ne abin da ya faru bayan shekaru tamanin da 'yan kai, lokacin da jikokin waɗancan korarrun suka nemi a bar su su koma gidan da aka fitar da kakanninsu.

Biritaniya ta buɗe musu ƙofa a 1996, ta ba su ɗan wuri kusa da kilohaz 73. Bayan shekaru biyu aka ƙara musu wani, daga kilohaz 135.7 zuwa 137.8, kuma ƙasashen Turai da dama suka yi haka. Faɗin wurin gaba ɗaya kilohaz 2.1 ne, wato bai kai abin da muryar mutum ɗaya ke buƙata a rediyo ba. Tun daga nan magana da baki ta fita daga lissafi, sai dai haruffan Morse irin na tangaraho, ɗigo da layi.

Ƙuncin wuri ƙaramar matsala ce idan aka kwatanta da ta eriya. Tsawon zango ɗaya a kilohaz 136 ya kai mita 2,200. Eriyar da za ta yi aiki yadda ya kamata tana son rubu'in wannan tsawo, mita 550 a tsaye, alhali hasumiyar Eiffel da ke Faris ba ta wuce mita 330 ba. Gwamnatoci sun magance wannan da kuɗi da ƙarfe. Tashar Grimeton ta Suwidin, wadda aka kammala a 1924 don aika tangaraho zuwa Amurka a kilohaz 17.2, tana da hasumiyoyi shida, kowace mita 127, kuma har yau tana nan ana tayar da injinta wasu ranaku a shekara. Ɗan sha'awa kuwa abin da yake da shi bayan gida ne, da sanda mai mita goma ko sha biyar, da maƙwabta masu sa ido.

Gajeriyar eriya a dogon zango kamar a ce mutum ya kwashe ruwan rijiya da cokalin shayi ne. Wutar da aka tura mata kusan duk tana ƙarewa a matsayin zafi: a cikin ƙasa, a cikin waya, a jikin bishiyoyi da bangon gida. Abin da ke fita sarari sau da yawa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, wani lokaci ma kashi ɗaya cikin dubu. Ƙa'idar da aka gindaya musu ita ce kada abin da ke fita ya wuce wat ɗaya, to amma kafin mutum ya kai wat ɗayan nan sai ya zuba ɗaruruwan wat, ko ma dubu. Doka ce da akasarinsu ko sun so karya ta ba za su iya ba.

Don a yaudari eriyar ta ɗauka ita doguwa ce, sai a haɗa mata katon kwayil, wato naɗin waya. Masu gyaran fanka da janareta za su gane aikin, sai dai wannan naɗin a jikin bokitin roba ko kwandon shara ake yinsa, zagaye ɗari da wani abu. A saman sandar kuma a shimfiɗa wayoyi a kwance kamar igiyar shanya, a ƙasa a binne wasu. Idan komai ya daidaita, ƙarfin wutar da ke taruwa a kan kwayil ɗin yakan kai dubban bolt, har dubu goma ko ashirin. Raɓa kaɗan ko reshen bishiya ya matso kusa, sai tartsatsi, roba ta kama da wuta. Iska ta kaɗa waya, ko ruwan sama ya jiƙa ƙasa, daidaiton ya goce, sai a sake saiti.

Wannan duk a wajen aikawa ne. A wajen saurare kuma akwai hayaniya. Wanda ya taɓa kama matsakaicin zango da damina ya san ƙaraf-ƙaraf ɗin da walƙiya ke sa wa rediyo. A dogon zango abin ya ninka, domin tsawar da aka yi a nisan dubban kilomita tana isowa. Ga na'urorin lantarkin gida da ke zuba tasu ƙazantar. Ga kuma manyan maƙwabta: tashoshin Loran-C da a lokacin suke nuna wa jiragen ruwa hanya a kilohaz 100, da wata tashar Jamus mai suna DCF39 da ke zaune dab da bakin iyakar wurin nasu da ƙarfin dubban wat.

To, wanda ba shi da hasumiya, ba shi da ƙarfin wuta, da me zai biya? Da lokaci suka biya. Dabarar tana da sauƙin faɗa: idan ka rage saurin saƙo, za ka iya tsuke ƙofar da na'urar saurare ke buɗewa, kuma gwargwadon tsukewar ƙofa gwargwadon raguwar hayaniyar da ke shigowa. Ka ja tsawon ɗigo sau goma, ƙarfin hayaniyar ya ragu sau goma. Ɗigon Morse na yau da kullum bai wuce kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ba. Su suka mayar da shi daƙiƙa uku, sannan talatin, sannan sittin. A wannan jinkirin kunne ba ya jin komai sai shuuu. Kwamfuta ce ke tattara sautin, ta tace shi, ta zana shi a fuskarta a matsayin wani farin zare da ke bayyana sannu a hankali. Saƙon da aka ƙirƙira don kunne ya koma na ido. Manhajoji irin su Argo na Alberto di Bene ɗan Italiya da Spectrum Lab na Wolfgang Büscher ɗan Jamus, waɗanda aka raba kyauta, su suka sa kowa ya iya shiga harkar da kwamfutar gida.

Dabarar ma da nata haraji. Idan ƙofar ta tsuke haka, dole na'urar aikawa ta tsaya cak a wuri guda na awoyi, kada ta goce ko da ɗan ɓangaren haz ɗaya. Ɗaki ya ɗan yi ɗumi, saƙo ya fice daga ƙofar. Daga baya da yawa suka koma ɗaure na'urorinsu da agogon tauraron GPS.

A watan Fabrairun 2001 Laurie Mayhead a Ingila, mai lambar kira G3AQC, da Larry Kayser a Ontario ta Kanada, mai lambar VA3LK, suka yi musayar saƙo ta kan tekun Atilantika a kilohaz 136. Ɗigonsu daƙiƙa 90 ne, layi daƙiƙa 180. Harafin S, ɗigo uku kacal, wanda Marconi ya ce ya kamo daga ƙetaren wannan tekun a Disambar 1901, a irin wannan tafiya sai ya ci fiye da minti bakwai. Hanyar kuma ba ta buɗewa sai dare ya rufe gaɓar tekun biyu, domin da rana wani ɓangare na sararin sama yana shanye saƙon. Suka fara ranar 5 ga wata, ba su gama ba sai ranar 19. Abin da aka faɗa a mako biyun bai wuce lambobin kira da shaidar "na ji ka" ba.

Mai karatu zai iya cewa wannan ai ba hira ba ce, kuma da gaskiyarsa, tunda a shekarar akwai tarho, akwai intanet. Ni dai ina ganin ba hirar suke nema ba. Tambaya suke yi: mene ne mafi ƙanƙantar abin da zai iya ƙetare teku a kuma gane shi? Amsar da suka samu ta nuna cewa iyakar ta fi yadda ake zato nisa. Wannan tunani na fifita haƙuri da lissafi a kan ƙarfin wuta shi ne ya ci gaba a manhajoji irin su WSPR ta 2008, wadda Joe Taylor, masanin kimiyyar da ya ci kyautar Nobel a 1993, ya rubuta don ciro saƙon da ya nutse can ƙarƙashin hayaniya.

Hukumomi sun biyo baya a hankali. Biritaniya ta karɓe kilohaz 73 a 2003. Taron rediyo na duniya da aka yi a Janeba a 2007 ya amince wa 'yan sha'awa da zangon mita 2,200 a duniya baki ɗaya, bisa sharaɗin wat ɗaya. Amurka, inda aka fara korar, ita ce ta daɗe tana jan ƙafa, saboda kamfanonin lantarkinta suna aika saƙonnin sarrafa tashoshinsu ta cikin manyan wayoyin wuta a wannan zangon, kuma suna tsoron katsalandan. Sai a 2017 aka buɗe, da sharaɗin mutum ya sanar da ƙungiyar kamfanonin, ya jira kwana 30, kuma kada eriyarsa ta kasance cikin kilomita ɗaya da irin waɗannan wayoyi.

Taron 2012 ya ƙara musu wani wurin, kilohaz 472 zuwa 479, zangon mita 630. Wurin ya samu ne bayan jiragen ruwa sun daina dogaro da Morse wajen neman agaji a 1999. Maƙwabcinsa na kusa shi ne kilohaz 500, zangon mita 600, inda ma'aikatan rediyon Titanic suka yi kiran neman ceto a daren 14 ga Afrilun 1912 wayewar 15.